Shafi Goma Sha Tara

Shafi goma sha tara na ba su ran Talata,
labarin wasu masunta biyu, wa da ƙani.
Ba dutse na ɗora musu a ka ba.

Ran Alhamis na hau bene, na shiga aji,
ruwan Cebu na dukan kwano kamar mai bin bashi.
Na ce, "Wa ya karanta?"
Fanka ce kaɗai ta amsa, ita ma da ƙyar.
Kai arba'in da ɗaya suka sunkuya,
kowa ya gano abin mamaki a farcensa.

Na san Jhunrey bai rintsa ba.
Ya kwana yana amsa wayar mutanen Ohio,
yana ba su haƙuri kan firjin da bai taɓa gani ba.
Marivic ta kai ƙannenta uku makaranta,
ta hau jifni biyu, ta ƙarasa da ƙafa.
To Dindo fa?
Dindo barci ya ishe shi
har ya bar masa zane a kunci.

Na gwada jarrabawar ba-zata, suka tambayi waya,
ta tauna, ta zuba musu a baki,
amsoshin suka fito da fuska ɗaya
kamar ƙwan kaza guda.
Na yi barazana da maki. Na yi lallashi.
Na yi fushin da na ji kunyarsa a hanyar gida.
Duk shuka ce a idon makwarwa.

Ran Juma'a na tsallaka titi wurin Manang Luding,
mai injin kwafi, maƙwabciyar mai gasa ayaba.
Shekara ashirin da biyu tana ɗaga murfi tana rufewa,
haske na wucewa ƙarƙashin tafinta.
A aji shida karatunta ya tsaya.
Ta miƙo canji, ta ƙi sakin hannuna:
"Malama, shi wan, me ya hana shi juya kwalekwale?
Ya ji kiran ƙaninsa sarai, shafi na sha ɗaya.
Ni na ce tsoro ne. Mijina ya ce yunwa."

Na yi tsaye da feso bakwai a hannu.
Ashe ina da ɗaliba,
sunanta ne dai babu a rajista.

Ban roƙe ta komai ba, ita ta tsiri abinta.
Duk wanda ya je karɓar takarda
sai ta dafe ta da gwiwar hannu:
"Tsoro ne ko yunwa?"
In ya ce bai sani ba, ta ja tsaki mai tsawo,
irin wanda digirina uku ba su koya mini ba.
An ce Dindo ya koma sau biyu,
na biyun da yatsa a kan shafi, yana musu.

Da Alhamis ta zagayo, hannu goma sha ɗaya.
Na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Marivic ba ta ɗaga nata ba,
ta dai ce, idonta a kan taga,
"Ba tsoro ba ne, ba yunwa ba.
Gajiya ce. Duk wanda ya goyi ƙani ya sani."
Aji ya yi tsit,
amma ba irin tsit ɗin makon jiya ba.

Saura ba su taɓa ta ba, ba zan yi ƙarya ba.
Jhunrey ya kifa kai a tebur,
takardar tana ƙarƙashin kuncinsa,
an ja layi da jan biro har shafi na huɗu.
Na bar shi.

Na mako mai zuwa shafi ashirin da uku ne.
Na kai mata ɗazu da yamma.
Ta lashi yatsa, ta duba farkon,
ta ce, "Wannan kamar zai yi sanyi, Malama.
Amma bari mu gani."